Malam Muntari da Dokokin Motsi Uku

"Daga Anka zuwa Gummi, ka zagayo ta Bukkuyum ka dawo, babu mahalukin da ya san abin da ke sa abu motsi sai ni," in ji Malam Muntari, yana kaɗa cokali a kofin shayi. "Ku tafiya kawai kuke yi kamar tumaki. Ni kuwa duk takun da na yi, na san dokar da ta ɗaga ƙafar, na san wadda ta sauke ta."

Mai shayi ya ce, "To Malam, wace doka ce ta hana ka tashi bisa bencin ga tun hantsi?"

Malam Muntari ya ci gaba da kaɗa cokalinsa. Shi ba ya amsa tambayar da babu ilimi a cikinta.

Bari in nuna maka mutumin, aboki, don kada ka gamu da shi a hanya ka ɗauka turken waya ne aka sa wa riga. Malamin firamare ne a Tungar Magaji, wani ƙauye a bakin gulbi, tafiyar rabin yini a keke daga Bukkuyum, a shekarar alif ɗari tara da tamanin da biyu. Dogo ne siriri kamar sillen kara. Ya tara suma kamar an kife masa kwando a ka, ya soke mataji a ciki. Yana sa tabarau alhali idonsa garau, yana jera biro huɗu a aljihun gaba alhali ɗaya ne ke rubutu. Jarrabawar malanta sai a zama na uku ya haye, amma in ka tambaye shi zai ce biyun farko ya je ne ya ga ko masu tambayar sun iya tambaya. Haifaffen Gwashi ne, cibiyarsa na can binne, amma tun da ya yi wata shida a Kano ya saki Hausar iyayensa ya kama ta rediyo.

Ilimin kimiyyar kuwa ga inda ya samo shi. Wata ranar kasuwar Gummi ya sayi tsire, sai ya ga takardar da aka naɗe masa tana da zanen ƙwallo da kibiya. Ya koma wurin mai tsiren, ya tarar littafin kimiyya ne na 'yan sakandare ake yagewa shafi-shafi. Ya ceto shafi goma sha ɗaya, duk sun sha mai da yaji. A cikinsu ya gamu da dokokin motsi guda uku na wani Bature mai suna Niyuton, ya hardace su kamar karatun allo. Tun daga ranar garin bai sake hutawa ba. Yara suka sa masa Malam Motsi, manya suka sa masa Sillen Boko.

Aji biyu yake riƙe da su. Da safe 'yan aji biyar, bayan la'asar kuma ajin yaƙi da jahilci, inda magidanta da 'yan dattijan mata ke zuwa koyon baƙi da rubuta sunayensu. Yaran na tsoron bulalarsa, duk abin da ya faɗa sai su maimaita da ƙarfi ko ba su san ci ake yi ko sha ba. Manyan kuwa babu mai tsoronsa, don ƙaraminsu ma ya haifi kamarsa.

Ana nan ana nan, sai hedimasta Malam Sa'idu, wani dattijo mai haƙuri da ya rage masa shekara biyu ya ajiye aiki, ya kira shi ofis.

"Sufeton makarantu na zuwa ran Alhamis," in ji hedimasta. "An buɗe sabuwar sakandare a Gummi. Ana neman malami guda daga firamarorin yankin nan, a tura shi kwas, ya dawo ya riƙa koyar da kimiyya a can."

Gummi fa, aboki. Gidan malamai na siminti, famfo a ƙofar ɗaki, fitila ba sai an zuba kananzir ba. Nan take Malam Muntari ya ga kansa a can, yara na rububin ɗaukar masa jaka.

"Shawarata," in ji hedimasta, "ka tumɓuko karan dawa guda, ka nuna musu saiwa, ka nuna ganye, ka nuna zangarniya, a tashi lafiya."

"Ranka ya daɗe, saiwa da ganye ai akuya ma ta sani. Dokokin motsi zan koyar, duka ukun. Zan haɗa yara da manya wuri guda, sufeto ya ga malamin da ke iya buɗe kan ɗan shekara goma da na ɗan shekara saba'in da mabuɗi ɗaya. Kuma ba a allo ba. A aikace."

"A aikace," in ji hedimasta a hankali, ya ɗaga kai ya dubi rufin ofis kamar mai neman agaji.

Kwana uku Malam Muntari yana shiri. Ya ari teburin hedimasta da mayafin da ake rufe shi da shi. Ya ari amalanken Dodo maƙeri, wanda Dodon ya ƙera da hannunsa, mai ƙafa huɗu na tsofaffin tayoyin babur, da shi yake ɗauko gawayi. Ya ari ƙaramin jirgin Baba Tsoho mai fito. Ya gaya wa Inna Tabawa mai nono ta zo aji da ƙwaryarta cike. Su ukun duk ɗalibansa ne na yamma. Sannan ya aika Bukkuyum aka ɗinko masa sabon wando na zamani, wanda ya matse cinya kamar da shi aka haife shi, ya buɗe a ƙasa har yana share hanya. Sai da ya kwanta rigingine ya riƙe numfashi kafin zik ɗin ya hau.

Ran Alhamis da hantsi sufeto ya iso a kan babur. Malam Hayatu sunansa, gajere ne mai farar riga, maras yawan magana, ya riƙe wani baƙin littafi da ba ya rabuwa da shi. Aji ba zai ɗauki jama'a ba, sai aka shirya a gindin tsamiyar da ke bayan makaranta, a saman gangaren da ke sauka zuwa mashigin gulbi. Yara a gaba a ƙasa, manya a baya kan tabarmi, sauran mutanen gari kuwa sun yi da'ira, don labari ya bazu cewa yau Sillen Boko zai yi dabo. Aka sa wa sufeto kujera dab da tebur.

Malam Muntari ya fito yana taku ɗai-ɗai, don wandon bai yarda da dogon taku ba. Ya gyara tabarau, ya gyara murya.

"Doka ta ɗaya. Duk abin da ke zaune, zaune zai ci gaba da zama, ba zai motsa ba sai wani ƙarfi daga waje ya taɓa shi."

Yara suka ɗauka baki ɗaya, "Sai wani ƙarfi daga waje ya taɓa shi."

Inna Tabawa ta ce daga baya, "Malam, wanga ai mijina kake hwaɗi."

Aka yi dariya. Malam Muntari ya harare ta ta saman tabarau ya ci gaba. "Haka kuma duk abin da ke tafiya, tafiya zai ci gaba da yi sai wani ƙarfi ya tare shi. Inna, kawo ƙwaryar."

Ta kawo, amma ba ta saki ba. "Mi za ka yi da ita?"

"Zan ɗora ta a kan mayafin teburin nan, in fizge mayafin, ƙwarya ta zauna daram, ko ɗigo ba zai zuba ba."

"Ɗana, ƙwaryag ga ta girme ka. Tun aurena take."

"Kimiyya ba ta duba shekaru, Inna."

Ya karɓa ya ɗora. Ka san ya gwada abin sau ashirin a ɗakinsa da dutse da ɗankwalin matarsa, kuma ya yi. Abin da bai sani ba shi ne hedimasta ya gaji da iska tana kwashe masa mayafi, ya kafe shi da ƙusoshi huɗu a jikin teburin. Hedimasta kuwa yana can baya yana korar awaki, bai ga abin da ake shirin yi ba sai da aka ƙirga biyu. Ya buɗe baki, Malam Muntari ya ce uku, ya fizga da duk ƙarfin da Allah ya ba shi.

Mayafi ya taho. Tebur ya biyo mayafi, ya sauka a ƙaurin Malam Muntari da wata ƙara kamar an fasa icce. Ƙwarya kuwa ta ga babu ruwanta da tafiyar, ta tsaya inda take, sai dai babu sauran tebur a ƙarƙashinta. Ta sauka ƙasa ta rabe biyu, nono ya wanke ƙafafun sufeto har gwiwa.

Malam Muntari na tsaye da ƙafa ɗaya, ya ciji leɓe, idonsa ya kawo ruwa a bayan tabarau.

Sai wata yarinya 'yar aji biyar mai suna Hasana ta ɗaga hannu. Ita ce ke zuwa ta ɗaya a ajin, kuma ita kaɗai ke tambaya. "Malam, ashe gaskiya ne. Ƙwaryar ba ta tafi ba, teburin ne aka taɓa, shi ya tafi ya bar ta."

Sufeto ya dubi yarinyar, ya dubi nonon da ke ɗiga daga wandonsa, ya buɗe baƙin littafi ya yi rubutu.

"Abin da na shirya ke nan," in ji Malam Muntari da siririyar murya. "Da ma teburin nake nufi."

Inna Tabawa ta tsugunna ta ɗauki ɓarin ƙwaryarta biyu ta haɗa su tana dubawa. "Shekara talatin tana bisa kaina daga ruga har kasuwa, ba ta hwaɗi ba. Yini guda tas shiga boko."

"Doka ta biyu," in ji Malam Muntari da sauri, ya ɗingisa zuwa wurin amalanke. "Gwargwadon ƙarfin da ka tura abu, gwargwadon saurin da zai ɗauka. Amma gwargwadon nauyinsa, gwargwadon taurin kansa. Hasana, hau."

Hasana ta hau. Ya tura da hannu ɗaya, amalanke ya gangara sumul a kan fili, ya tsaya. Yara suka tafa. Ransa ya ɗan dawo.

"Yanzu Dodo, kai hau."

Dodo maƙeri kuwa, aboki, ba a banza aka sa masa sunan ba. In ya shigo zaure sai an kunna fitila. Wuyansa kamar turmi, hannunsa kamar cinyar sa, amma mutum ne mai sanyin hali da bin umarni, abin da ka ce masa shi zai yi, ba ragi ba ƙari. Ya hau amalanken ya zauna, tayoyi suka lotsa.

Malam Muntari ya tura da hannu ɗaya. Shiru. Ya sa biyu. Shiru. Ya juya ya sa baya, ya sa kafaɗa, ya sa kai, takalminsa na haƙa rami a ƙasa. Mataji ya faɗo daga suma, biro biyu suka bi shi. Ya zagaya gefe ya kama amalanken yana jijjigawa, da ƙyar ya samu ya karkata masa hanci kaɗan, amma gaba ko taƙi ɗaya.

"Malam, in sauka in taya ka?" in ji Dodo.

"Zauna. Darasin ke nan," in ji Malam Muntari yana haki. "Kun gani, ƙarfi ɗaya, nauyi daban. Yanzu za mu juya. Abu maras nauyi, ƙarfi mai yawa. Sauka, ni zan hau."

Ya hau amalanken ya tsaya tsaye, ya riƙe ƙugu, yana fuskantar jama'a don kowa ya ga sabon wando. Da ya waiwaya da ya ga inda hancin amalanken ke kallo tun da ya karkata shi. Bai waiwaya ba.

"Dodo, tura ni da duk ƙarfinka."

Dodo ya sosa ƙeya. "Duka, Malam?"

"Duka."

"Malam, gangare na fa."

"Ni ne malami ko kai? Na ce duka."

Dodo ya tofa yawu a tafin hannu, ya yi bisimilla, ya ba shi duka.

Wanda ya ƙifta ido bai ga tashinsa ba. Amalanke ya kama gangaren gulbi kamar an harbo shi da baka, Malam Muntari ya zube a ciki ƙafafu sama. Kaji suka watse, wani jaki ya tsinke igiya. Daga cikin ƙura aka jiyo murya, kuma ba Hausar rediyo ba ce.

"Wayyo Inna! Ku tarbe shi! Shina tahiya da ni!"

Wasu samari suka yunƙura za su bi, sai yara suka ce, "Ku bari, darasi ne." Hasana ta juya ta yi wa manya bayani a natse. "Ba zai tsaya ba sai wani ƙarfi daga waje ya tare shi. Haka Malam ya ce."

Ƙarfin daga waje kuwa yana nan yana jira a ƙasan gangare, wani kututturen giginya da ake ɗaure jirage. Amalanke ya dake shi ya tsaya cak. Amma amalanke kawai kututturen ya tare, bai tari Malam ba. Malam Muntari ya ci gaba da tafiya shi kaɗai a sama, hannu baje kamar shamuwa, ya sauka da fuska a cikin laka, inda shanu ke shan ruwa su bar abin da suke bari.

Jama'a suka gangaro duka, sufeto a tsakiya yana rubutu yana tafiya. Suka tarar da Malam ya miƙe, gabansa baƙi ƙirin tun daga suma har takalmi, tabarau ido ɗaya ya fita. Hedimasta ya matso ya yi masa raɗa. "Muntari, don girman Allah a tsaya nan. Biyu sun isa. Ka ce ta ukun sai wani mako."

Ka ga da mai hankali ne da ya karɓa. Amma Malam Muntari ya hango sufeto yana ta cika shafi, zuciyarsa ta ce masa yabo ne ake rubutawa, Gummi saura taku ɗaya. Ya share laka daga baki ya ɗaga murya.

"Na riga ku saukowa ne don in duba wurin darasi na uku. Baba Tsoho, kawo jirgi."

Baba Tsoho ya jawo ƙaramin jirginsa zuwa gefen wani faffaɗan dutse da ake sauka a kai. Dattijo ne mai furfura, shekara arba'in yana fito da mutane a mashigin nan, wata huɗu kuma yana fama da harafin "ba" a ajin Malam. Ya kama igiya zai ɗaure.

"Kada ka ɗaure," in ji Malam Muntari, ya shiga jirgin.

"Ɗana, ba a hita jirgi sake. Bari in riƙe ma."

"Baba, kai tuƙi ka sani, ni dalilin tuƙi na sani. Saki."

Baba Tsoho ya saki, ya koma gefe ya tsugunna, ya ɗauko goro ya ɓara.

"Doka ta uku," in ji Malam Muntari daga cikin jirgi. "Duk abin da ka tura, shi ma yana tura ka, daidai wa daida, amma ta ɗaya gefen. Yanzu zan taka jirgin nan in fita. Ni zan yi gaba, shi zai yi baya. Ku zuba ido."

Da tsalle ya yi da ya tsira. Amma wandon ba na tsalle ba ne, kuma Malam ba ya son a yi abu da sauri ba a ji bayaninsa ba. Sai ya miƙa ƙafar dama ya ɗora a kan dutse, ta hagu na cikin jirgi, ya tsaya a haka ya ɗaga yatsa.

"Ku lura da kyau. A daidai wannan lokaci, ƙafata tana tura jirgi..."

Jirgi ya ji an tura shi, ya fara ja da baya a hankali.

"...shi kuma jirgi, bisa ga doka..."

Ƙafafu suka fara nisa da juna. Taƙi ɗaya, taƙi biyu. Malam ya yi ƙoƙarin jawo jirgin da yatsun ƙafa, jirgi ya ƙara gaba abinsa. Ya so ya dawo da ta dama, dutse ya yi nisa da jirgi. Ya so ya kawo ta hagu, jirgi ya yi nisa da dutse. Ya buɗe kamar almakashi.

"...bisa ga doka, yana... Baba, igiya."

"Kai kac ce in saki," in ji Baba Tsoho yana tauna goro.

Sai wandon ya yi magana. Tun daga zik har ƙugun baya ya tsage da wata doguwar ƙara da aka ji har tsallaken gulbi. Mata suka ja mayafi suka rufe fuska, suka bar ido ɗaya. Malam Muntari ya saki yatsan da ya ɗaga ya kai hannu biyu baya don ya rufa asiri, abin da ya rage masa na tsayuwa ke nan. Ya tafi ruwa tsundum.

Ya nutse, ya ɓullo, yana dukan ruwa da hannu da ƙafa, yana salati, yana yafe wa duk wanda ya taɓa yi masa laifi, yana kiran a gaya wa matarsa ta kula da shafuka goma sha ɗayan nan.

Baba Tsoho ko motsi bai yi ba. Ya ce, "Ɗana, tashi tsaye."

"Ina nutsewa!"

"Tashi tsaye nac ce."

Malam ya tashi tsaye. Ruwa iya gwiwa. Ya dubi ƙasa, ya ga ƙafar wando ɗaya na jikinsa, ɗayar ta saɓule ta bi gulbi, ta nufi Gummi ba tare da shi ba. Ya dubi jama'a, ya koma ya zauna cikin ruwan da sauri.

A nan zaune, ruwa iya ƙirji, laka na narkewa daga sumarsa, Malam Muntari ya ji abin da bai taɓa ji ba tun da ya sayi tsiren nan. Ya ji yana so a manta da shi. Ya tuna gidan siminti da famfo.

Sufeto ya rufe littafi, ya juya ga ɗalibai. Karo na farko ke nan da aka ji muryarsa sosai.

"Ke yarinya, mece ce doka ta ɗaya?"

Hasana ta miƙe. "Abu ba ya tashi sai an taɓa shi, kamar ƙwaryar Inna. Ba ya tsayawa sai an tare shi, kamar Malam."

"Kai maƙeri, ta biyu fa?"

Dodo ya ce, "Ranka shi daɗe, ni ina da nauyi, Malam ba shi da ƙarhi, ban tahi ba. Malam ba shi da nauyi, ni ina da ƙarhi, yat tahi ƙwarai."

"Baba, ta uku."

Baba Tsoho ya tofar da tuƙar goro. "In kat taka jirgi, shi ma shina taka ka. Kai gaba, shi baya. In ka yi sauri ka hita, in kat tsaya wa'azi ka sha ruwa."

Sufeto ya jinjina kai ya daɗe. "Shekara tara ina zagaya makarantu," in ji shi, "ban taɓa ganin ajin da yaro da tsoho suka kama darasi a zama ɗaya haka ba."

Malam Muntari ya jiyo daga cikin ruwa. Aboki, ka ga yadda busasshiyar ciyawa ke yi in ta ji ruwan fari? Haka ya miƙe wuya. Aka ɓamɓaro mayafin tebur daga ƙusoshinsa aka miƙa masa, ya ɗaura kamar zane, yana warin nono, ya hau gangare yana ɗingishi. Kafin ya kai saman har ya fara gaya wa na kusa da shi cewa sabon salon koyarwa ne, a Ingila ma sai manyan malamai ke iya shi.

Mako biyu bai bar kowa ya sha iska ba. Ya ɗaure kayansa a akwati, ya yi sallama da maƙwabta sau uku, ya yi wa hedimasta alkawarin zai riƙa tunawa da shi. Ran Litinin ta uku ɗan aike ya kawo wasiƙa daga ofishin ilimi, da hatimi a bayanta. Malam Muntari ya hana a buɗe. Ya sa mai shela ya zagaya gari, yara da manya suka taru a filin makaranta. Ya hau kan benci, ya miƙa wa hedimasta wasiƙar.

"Ranka ya daɗe, kai karanta. Babban mutum ba ya karanta yabonsa da bakinsa."

Hedimasta ya buɗe, ya bi ta da ido har ƙasa, ya ɗago. "Muntari, ko mu shiga ofis?"

"A nan. Da ƙarfi, na baya su ji."

Hedimasta ya yi ajiyar zuciya ya karanta. Wasiƙar ta ce gurbin kwas an bai wa wani malami daga Anka, wanda ya koyar da saiwa da ganye. Amma ofis ya yaba ƙwarai da darasin Tungar Magaji, har ya shirya taron malaman yanki a bakin gulbin Gummi don a maimaita shi. Ana gayyatar Hasana ta yi bayanin doka ta ɗaya, Dodo ta biyu, Baba Tsoho ta uku. Ofis zai tanadi tebur da ƙwarya da amalanke da jirgi.

"Ni fa?" in ji Malam Muntari daga kan benci. "Duba ƙasa. Dole akwai sunana."

"Akwai," in ji hedimasta. Ya gyara murya ya karanta layin ƙarshe. "A taho da Malam Muntari, domin mun bincika duk yankin ba mu sami wanda ya yarda a harba shi ba. Ba sai ya yi magana ba. Ya zo da wando biyu."